Allunan Baba

"Kashe wayar nan, Noelle!" Baba ya daka min tsawa.

Na kasa. Ga shi nan a bidiyo yana taya wadda ta kayar da shi murna, hawaye na bin gemunsa. Wani ya ɗora kukan jariri a kai. Gundumarmu da ta daɗe a hannun jajaye, jam'iyyar su Baba, ta wayi gari a hannun shuɗaye a zaɓen tsakiyar wa'adi, kujerar Baba ta majalisar jiha ta tafi, 'yan intanet sun samu abin dariya.

Daga shafin abokan hamayya bidiyon ya fito. Mai kula da shafin kuwa Wes ne... Wes ɗina.

"Kada ya sake tako min gona," in ji Baba. "Balle teburina ranar Alhamis, a bikin Ranar Godiya!"

Ranar da Wes ya shirya neman aurena ke nan.

Na ɓuya a garken shanu na kira shi.

"Kai ne?"

"Haba, zuciyata! Kendra ce, ta ofishinmu. Tun da ta ji zancen zoben baikonmu take neman raba mu. Na goge, amma ya riga ya bazu."

Da rana ya rubuta da sunansa a intanet game da Baba: "Ban zaɓi Gus Brandt ba, gobe ma ba zan zaɓe shi ba. Amma wanda ya sha kaye ya miƙe ya yi wa abokiyar takararsa barka, ya fi duk mai yi masa dariya."

Wayyo! Nasa suka taso masa: maci amana, surukin jajaye! Namu suka ce makirci ne. Ni da ko hannu ban iya ɗagawa a ajin jami'a, ina ta karanta zagin ina mamaki. Ko kalma bai janye ba.

Washegari na raka Baba cire allunan takararsa daga bakin hanya. Cikin masu tafa masa babu wanda ya zo.

A kwanar coci muka hango mutum cikin dusar ƙanƙara yana tumɓuke su. Kowanne sai ya goge masa laka kafin ya ajiye. Ashe Wes ne!

Baba ya sauke gilashin mota.

"Kai, ɗan shuɗaye! Sata kake yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙasa ta daskare, ga bayanka na ciwo."

"An ce sun kore ka."

"Sun kore ni."

"Ka dawo wajenmu ke nan?"

"A'a. Har yanzu ra'ayinka kan haraji kuskure ne."

Na rufe fuska. Shi ke nan, ya kashe mu!

Baba ya dubi allunan da Wes ya goge. Sai ya bushe da dariya.

"Matsa masa, Noelle. Kai kuma, ranar Alhamis ka zo da wuri, kai za ka yayyanka talotalon biki. Amma ka furta haraji, a waje za ka ci!"

Wes ya shigo yana rawar sanyi. Hannunsa ya lalubo nawa, na riƙe shi gam, a gaban Baba.