Tsohuwar Ruwa a Silimar Gaya

Rana na shirin faɗuwa Bibata ta tsame kifin ƙarshe daga mai, ta jera a faranti, ta kama hannun ɗiyarta Yalwa suka nufi filin kasuwa. Shekarar da ake kafa ƙafafun gadar kogin Kwara ce, kuma ranar za a nuna silima a Gaya. Ita dai ba ciniki ya fito da ita ba. Yalwa ce za ta fito a jikin farin ƙyalle, kuma tatsuniyar da za a nuna ta Bibata ce.

To, tata ko ta kakarta Iya. Iya, Allah ya ji ƙanta, ita ke yi musu ita a ƙauyen Bana tun Bibata ba ta iya ɗaura zane ba. Yarinya ta je wanke ƙwarya, ruwa ya ƙwace ta, ta bi ta har ƙarƙashin kogi, ta tarar da Tsohuwar Ruwa, tsohuwar ta miƙa mata soso ta ce ta cuɗa mata baya. Iya na faɗa tana bubbuga bayan Bibata da hannunta na dama, hannun nan mai sanyi ko da bazara, a yamutse kamar na wadda ta wuni wanki. An ce haka ya koma tun wata magariba da Bibata ta ɓata a bakin ruwa tana 'yar tatata, Iya ta dawo da ita goye, jiƙe sharkaf.

Iya na da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya. Ko duk yara sun yi barci ba ta tsayawa, sai ta juya ta fuskanci zana ta ƙarasa tatsuniyar har ƙurunƙus. In an tsokane ta sai ta ce, "Ba ku kaɗai ke ji ba. Wanda aka bari cikin ruwa kuwa, can zai kwana."

Ita kuwa Bibata uwar barci ce. Duk son da take wa tatsuniyar nan, ba ta taɓa wuce wurin soson ido biyu ba.

Bara wani Anasara ya zo da akwatin ɗaukar hoto yana neman tatsuniya, tafintansa Hama ya kawo shi wurinta. Ta faɗa har wurin soso, ta ce iyakar saninta ke nan. Anasaran ya ce ba komai, zai san yadda zai yi da ƙarshen. Suka ɗauki Yalwa a bakin kogi da rana tsaka, lokacin da ko mahaukaci ba ya tatsuniya, suka shafa wa wata mai daddawa toka ta zama Tsohuwar Ruwa.

Bayan sallar magariba Hama ya tada moter mai ba da wuta a bayan kamyo, babbar motar kaya. Warin isansi, man moter ɗin, ya gauraye da na kifi. Haske ya faɗa kan ƙyalle, ƙwari suka yi masa caa.

Ga Yalwa nan, ta fi itacen kuka tsawo, da ƙwarya a kai. Fili ya ɗauki shewa. Yalwa ta ainihi ta cusa fuska a cinyar uwarta don kunya. Bibata ta ji daɗi har hawaye, sannan ranta ya fara sosuwa. Ƙwaryar Iya tsohuwa ce mai ɗinki, wannan sabuwa fil. Waƙar da yarinyar ke yi wa ruwa babu ita, sun sa wani kiɗa nasu mai kama da kukan sauro. Ta ce a ranta, "Mutanen nan sun ɓata mini abu."

Yarinyar ƙyalle ta shiga ruwa. Hoton ya yi duhu.

Sai ga tsohuwa zaune, ta juya baya. Baya ne mai faɗi kamar ƙofar zaure, gansakuka ta rufe shi, ƙugiyoyin masunta sun kafe a ciki sun yi tsatsa.

Mai daddawa na zaune kusa da Bibata. Ta daina tauna goro.

"Bibata," ta ce a hankali, "wannan ba ni ba ce."

Tsohuwar ta miƙo soso ta kan kafaɗa ba tare da ta waiwayo ba. Yarinyar ta karɓa. Nan hoton ya tsaya, wani rubutu ya fito, ƙyalle ya koma fari fat.

Mutane suka hau gunaguni. Bibata ta ɗaga murya. "Hama, ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Inna. Anasaran ya ce haka ya fi daɗi, kowa ya ƙarasa a ransa."

Ta kai hannu ta dafa Yalwa, ta dafa tabarma. Tabarmar a jiƙe take, da sanyi, tana ƙarnin laka.

Yalwa ba ta nan. Ta watsar da farantin. A hasken moter ta ga sawun ƙafa ƙanana, jiƙaƙƙu, sun ratsa ta tsakanin mutane sun yi gangare.

Ta bi su da gudu.

Ta wuce rumfunan kifi. Ƙarar moter ta mutu a bayanta. Kwaɗin da suka saba cika bakin kogi ko ɗaya bai yi kuka ba. Sai ƙarar zanenta da numfashinta.

Yalwa na tsaye cikin ruwa har ƙirji, ido buɗe, ba ta ƙiftawa. Soso a hannunta. A gabanta akwai wani abu baƙi da Bibata ta ɗauka kifaffen kwalekwale ne.

Kwalekwalen ya yi numfashi.

"Sannan fa?" in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, kamar ana magana cikin tulu.

Bibata ta ja a'uziyya.

"An kira ni na zo ji, an bar ni a hanya. 'Yar Bana, kakarki ba ta yi mini haka. Sannan fa?"

"Ban san ƙarshen ba," ta raɗa. "Wallahi barci nake yi."

"To yarinya ta zauna wurina har ki sani."

Ruwa ya kai wuyan Yalwa. Ba ita ta matsa ba.

Tsoro ya kama Bibata irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ta taka ruwan. Ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

"Sai... sai uwar yarinyar ta zo."

"Ta zo," in ji muryar.

"Sai ta ce, Kaka, hannun yaro bai isa bayanki ba. Ta karɓi soson."

Ta ɓamɓare yatsun Yalwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora soson a kan bayan.

Sanyi ya soke ta har kafaɗa. Gansakuka na sulɓi, ƙugiyoyi na yagar tafinta, wasu ƙananan abubuwa na motsi ƙarƙashin fatar. Ta cije leɓe ta ci gaba da cuɗa.

"Sai tsohuwa ta ji daɗi. Ta ce yarinya ta koma gida, ita da uwarta."

"Da uwarta?"

Ruwa ya taɓa leɓen Yalwa.

"Da uwarta. Haka tatsuniyar take."

Can abin ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kogin duka ya kaɗa.

"Haka take. Rufe ta."

"Ƙurunƙus."

Bayan ya nutse ba ko kumfa. Kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Bibata ta saɓi ɗiyarta ta goya, ba ta waiwaya ba har gida.

Yalwa ta tashi da safe lafiya lau, ba ta tuna komai sai shewar da aka yi mata. Hama ya naɗe ƙyallensa ya haye ƙasar Dahome, bai ƙara nuna hoton ba.

Raunukan tafin Bibata sun warke, amma hannun bai sake ɗumi ba. Ko ta wuni gaban kaskon suya yana nan da sanyi, a yamutse. Ranar da ta tsaya ta dube shi da kyau, sai ta zauna ta yi kuka mai yawa, don ta san hannun. Shi ya yi ta bubbuga bayanta tana ƙarama, kuma yanzu ta san inda Iya ta samo shi da wadda ta samo shi dominta.

Da dare takan yi wa Yalwa tatsuniyar, tana bubbuga ta da hannun nan. Yarinyar ta gado uwarta, ana kaiwa wurin soso ta yi barci. Sai Bibata ta gyara zama, ta fuskanci zana, ta ci gaba.