Walimar Albashin Issaka

Ku da kuke gaggawar cin rabonku tun bai nuna ba, ku saurara.

A zamanin mulkin soja, Issaka ɗan Hawa ya komo Malanbil daga Rasha da babban diplom na aikin ban-ruwa. Ya tarar gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata. Ya zaga ofisoshin Kwatano har takalmansa suka mutu, ya dawo cin tuwon uwarsa. In ya ratsa kasuwar albasa, sai 'yan dako su ce, "Injiniya, zo kama mana buhu!"

Ba'ar nan ta kai shi Madekali da rana tsaka, wurin boka Ɗangana. Bukka ce a bakin gulbi, ko tsuntsu ba ya sauka kanta. A ciki ga kan kada, ya sha jini har ya yi baƙi, ga tulu da wata tarwaɗa marar ido ke juyi cikinsa.

"Aiki nike so, baba. Mi zan biya?"

"Ko dala. Miƙo yatsa."

Boka ya tsaga, jini ya ɗiga tulu, tarwaɗa ta haɗiye.

"Baba, ba a kyauta irin wagga. Gaya mini gaskiya."

"Yaro mai wayon Nasara! Albashinka na fari, yi abin da kowane ɗan halak ke yi da shi."

Ba da daɗewa ba aka naɗa shi shugaban wani aikin noman shinkafa, ga mota ga direba. Albashin fari kuwa na iyaye ne, kowa ya sani. Ya sayi rago da shinkafa, dangi suka ci suna sa albarka. Shi yana hidima, bai kai loma baki ba.

Ƙanwarsa Zeinabu ta tafi wanki, gulbi ya riƙe ta. Aka ƙara masa girma. Kawunsa Bukari, masuncin da ya tsufa bisa ruwa, ya nutse inda ruwan bai kai gwiwa ba. Aka sake ƙara masa girma. Hawa ta fara tsaga tufa tana cewa ana kiranta, sai da aka ɗaure ta da igiya.

Issaka ya ruga Madekali, ya zube gaban boka. "Karɓi aikin, bar mini innata!"

"Ni na ciyar da ita? Wanda ya ci, na gulbi ne."

Ranar da Hawa ta tsinke igiya ta faɗa gulbi, hankalinsa ya bi ta. Ya ƙare a kan gadar gulbi, yana tare fasinja yana roƙon su amayar da abin da suka ci.

Zaman jiran aiki bai taɓa kashe uwar kowa ba. Kwaɗayi ya kashe. Ku ji tsoron Allah.