Ƙwaryar Kunun Yaya Lami

Sakinatu na tsugune a bakin murhu a gidansu na Fassi, ta zuba wa wata ƙwarya ido. A cikinta yayarta Lami ta sha kunun kanwa har ranar da ta cika, ba ta kai arba'in da haihuwa ba.

"Inna, wai me ya kumbura mata ƙafafu? Ta haihu lafiya, wankan jego ba fashi, kunu kuwa har sai ta ture!"

"Kwana ne ya ƙare. Ki ƙyale ni, Sakinatu!"

Ba ta ƙyale ba. Ta tambayi wanzami, ta tambayi ungozoma, har ta taka zuwa asibitin Rano. Malamar asibiti ta ce, "Kanwa in ta yi yawa, ga zafin wanka, ga garwashi a ƙarƙashin gado, zuciyar mai jego gajiya take yi. Kina son koyo? Akwai kwas na aikin jinya a Kano."

Lokacin an riga an sa ranarta da Haliru. Da jin za ta tafi, uwarsa, Gwaggo Jumai, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kwas! Yarinyar da ke tuhumar kunun da ya raya kakanninta? Ku miƙo mana kayanmu!"

Haliru ya same ta a zaure, ido jawur. "Ki haƙura mana, Sakina."

"Allah ya sani ina sonka. Amma in na zauna, duk ƙwaryar da na ɗauka Yaya zan gani a ciki."

Tana kuka ta hau mota.

Shekarar samun mulkin kai ta dawo sanye da fararen kayan asibiti. Ba a yi nisa ba sai ga Gwaggo Jumai, mayafi a hannu: Saude, ƙanwar Haliru, na jego, ƙafafu suntum, numfashi sama-sama. Sakinatu ta kwashe garwashin, ta hana kanwa, ta raka ta asibiti. Saude ta tashi.

Ranar arba'in Gwaggo ta dawo da kayan nan a kanta.

"Haliru ya ƙi kowa, 'yar nan. Za ki karɓa?"

"Zan karɓa, Gwaggo. Amma da aikina."

"Da aikinki, Malama!"

Iyaye, tambayar yarinya ba rashin kunya ba ce. Da wata ta yi ta da wuri, da yau Lami na tsakar gida tana goyon ɗanta.