Kofi Mai Jan Zare

Ranar Asabar da hantsi Hilda na zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Madaki a Gombe, baho a gabanta, tana wanke ƙananan kofunan gilashi na Jibin Ubangiji, waɗanda ake raba wa masu sujada abin sha da su a majami'a. Aikinta ne tun tana 'yar shekara sha biyu, domin mahaifinta, Dattijo Yila, shi ne babba a cikin dattawan majami'a, kuma a ɗakinsa ake ajiye kayan. Da ta gama da na gilashin sai ta sa kara ta jawo wani tsohon kofin silba mai mariƙi, ta kwarara masa tafasasshen ruwa daga nesa. Wannan shi ne kofin mutanen bencin ƙarshe, wato kutaren da suka warke suke zuwa sujada daga wajen garin Kwadon. Jan zaren da ke ɗaure a mariƙinsa ya koɗe, mahaifiyarta Mama Tabita ta miƙo mata sabo, ta ce ta ɗaura da kyau kada wata rana ya saje da kofunan gida.

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗin fetur sun shigo Gombe, wanda jiya yake tafiya a ƙasa yau ya hau babur yana bule maƙwabta da ƙura. Dattijo Yila ya samu kwangilar gina azuzuwa, ya sayi Fijo, ya yi wa majami'a rufin kwano, kuma ba ya barin kowa ya manta da wanda ya yi rufin. Ba mugu ba ne, sai dai yana son a ga gidansa tsaf kamar farar rigarsa ta Lahadi.

Hilda na cikin ƙulla zaren sai ga Elias ya jingine kekensa a zaure ya yi sallama. Shi ne saurayin da aka yi mata baiko da shi, mai bishara ne sabon fitowa daga makarantar Baibul. An riga an yi shelar aurensu sau ɗaya a majami'a, saura biyu. Ya durƙusa ya gaida Mama Tabita, ya juyo zai yi wa Hilda murmushi, idonsa ya faɗa kan kofin, murmushin ya tsaya a hanya.

"Malam, lafiya? Ka yi kamar ka ga maciji," in ji Hilda tana dariya.

Ya ce rana ce ta buge shi. Ita kuwa ta yarda, don wanda kake so ko ƙaryarsa daɗin ji gare ta.

Abin da Hilda ba ta sani ba shi ne, a sansanin kutare na mishan aka haifi Elias. A wancan zamani da zarar kuturwa ta haihu ake ɗauke jaririn a kai shi gidan reno don kada ya kamu. Haka ya tashi a hannun mishan, fatarsa sumul, turancinsa garau. Da ya zo Gombe aka tambayi iyayensa, sai ya ce, "Mishan ce ta rene ni." Gaskiya ce, amma rabinta. Jama'a suka ɗauka maraya ne, shi kuma ya bar su a haka, don ya san babu gidan da zai ba ɗan kuturwa 'ya. Mahaifiyarsa Kande tana nan da ranta. Likita ya sallame ta shekara goma da suka wuce, ciwon ya tafi amma ya tafi da yatsunta. Tana zaune a wata bukka bayan Kwadon tana kiwon kaji, Elias na kai mata hatsi a ɓoye duk ƙarshen wata.

Abin kunyar shi ne, duk garin babu mai wa'azin talakawa kamarsa. Ranar da ya amsa kiran Allah, alkawari ya yi cewa zai tsaya wa waɗanda duniya ta tura bayan ƙofa. Ya yi wa'azi a kan leburorin injin auduga har wasu manya suka daina gaishe shi. Bakinsa ya kare kowa, ban da matar da ta haife shi.

Washegari Lahadi majami'a ta cika maƙil. Fasto ya karanta shelar aure ta biyu, 'yan Zumuntar Mata suka yi guɗa, Hilda ta sunkuyar da kai a cikin 'yan kwaya, wato mawaƙan majami'a. Da aka zo Jibi, sai aka ba Elias kofin silba ya kai bencin ƙarshe, tun da shi ne ƙarami a masu hidima. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a kan mace ta huɗu ya tsaya cak. Kande ce. Ba ta taɓa zuwa wannan majami'a ba, amma ta ji labarin ana kiran sunan ɗanta a gaban jama'a, ta taso tun asuba a ƙasa don ta ji da kunnenta. Ta sa zanenta mai kyau guda ɗaya, ƙafafunta fururu da ƙura.

Dattijo Yila na tsaye taku uku daga nan riƙe da tiren gilashi. Elias ya dubi uwarsa, ya dubi surukinsa, ya miƙa mata kofin kamar yadda ake miƙa wa baƙuwa. Ta tallafe shi da dungulmin hannuwanta biyu, ta kurɓa, ta mayar masa.

"Na gode, Malam," ta ce a hankali.

Malam! Ita da take kiransa Auta ko da yake shi kaɗai ta haifa. Ya wuce zuwa na gaba. Da aka tashi ya ga bayanta tana ɗingishi ta nufi hanyar Kwadon, shi kuwa aka ja shi cikin Fijo zuwa cin shinkafa a Madaki. Daga lomar farko ya tsame hannu, Mama Tabita har ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

Kwana biyu ya kasa buɗe Littafi Mai Tsarki. In ya durƙusa zai yi addu'a, ba abin da yake gani sai hannuwan nan biyu tallafe da kofi. Ran Laraba ya hau keke ya tafi Kwadon, ya same ta tana watsa wa kaji dusa, ya zube a gabanta yana kuka kamar yaro. Ya so ta zage shi, da ya ji sauƙi. Ita kuwa sai ta dafa kansa ta ce ta ga yarinyar, kyakkyawa ce, muryarta ma da daɗi.

"Da gangan na ce maka Malam, Auta, don in rufa maka asiri. Ba zan sake zuwa ba. Ka yi shiru ka yi aurenka, ni na ji sunanka, ya ishe ni."

Wannan yafiyar ta fi bulala zafi. A kan hanyar dawowa ya gane cewa in ya karɓi wannan kyauta, to ba shi da sauran bakin da zai hau mumbari ya ambaci sunan Yesu.

Da yammacin Alhamis bayan an tashi daga koyon waƙa, ya tsayar da Hilda a gindin dalbejiyar majami'a ya faɗa mata komai. Ta yi tsaye kamar an dasa ta. Da farko fushi ne ya zo mata, ta ce shekara biyu yana kallon idonta yana ɓoye mata, me ya ɗauke ta? Ya ce ba shi da abin cewa sai sori, kuma ya san sori ba ta isa ba. Tana shirin juyawa sai wani abu ya faɗo mata, ta dafe ƙirji.

"Tsohuwar nan mai shuɗin zane... da kofin da na ɗaura wa zare ta sha?"

Ya gyaɗa kai.

"Da kara nake jawo shi, Elias. Shekara tara da kara nake jawo shi, ban taɓa tambaya ko su wane ne suke sha ba."

Ta fashe da kuka, shi ma haka, kowa na kukan laifin kansa. Ta roƙe shi ya bari a ɗaura auren tukuna, in ya so daga baya a lallaɓa Baba. Ya ce a'a, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba zai gina mata ɗaki a kansa ba.

Ranar shela ta uku Fasto ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure. Tambaya ce da ba a taɓa amsa ta ba a majami'ar nan, har Fasto ya fara naɗe takardar. Sai ga ango da kansa ya miƙe.

"Ni na sani. Na bar ku kuna ce mini maraya, alhali uwata na da rai. Sunanta Kande, kuturwa ce da ta warke. Makon jiya ta zauna a bencin can, na ba ta kofi ban ce mata ko sannu ba. Na yi wa Allah laifi, na yi mata, na yi wa gidan Dattijo Yila."

Dattijo Yila ya ɗauki hularsa ya fita. Kafin faɗuwar rana an mayar wa Elias da kayan baiko. A gida Dattijo ya ce ko bayan ransa jininsa ba zai gauraya da na kutare ba, ya hana Hilda ko gaisawa da shi. Mama Tabita ta yi ta sharar hawaye tana cewa sun zama abin nuni a Madaki.

Dattawa suka zauna suka sa Elias a horo na wata shida saboda ɓoye gaskiya. Babu wa'azi, babu Jibi, kuma zai riƙa zama a bencin masu horo. To, bencin masu horo a can baya yake, dab da na kutare. Hukuncin da aka yi don a kunyata shi sai ya ajiye shi a inda ya kamata ya zauna tun farko. Duk Lahadi yakan ɗauko Kande a bayan keke tun daga Kwadon, ya ratsa tsakiyar gari da ita, ya zaunar da ita kusa da shi. Sauran kwanaki yana dakon buhunan auduga tare da leburorin da ya taɓa yi wa wa'azi daga sama. Da ya ga ana korar mutanen su Kande daga rijiyar unguwa, ya yi ta zirga-zirga da takardunsu na sallama daga wannan ofis zuwa wancan, har aka haƙa musu tasu.

Hilda ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ko wasiƙa ba ta aika ba. Amma da aka kawo mata wani injiniya mai mota daga Kaduna, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan jira." Ta rame, dariyarta ta ɗauke. Ranar wankin kofuna kuwa ta jefar da karan nan, ta riƙa wanke kofin silba da hannunta. Dattijo na gani ta taga.

Wata shida suka cika ranar wata Lahadi ta Jibi. Fasto ya sanar da cewa an karɓi Elias, ya ce masa ya dawo gaba ya zauna. Elias ya miƙe ya yi godiya, ya roƙi a bar shi inda yake, don nan ne wurin uwarsa. Ana cikin kallon-kallo sai Hilda ta fito daga cikin 'yan kwaya, ta bi tsakiyar majami'a har bencin ƙarshe ta zauna a gefen Kande.

A ranar, Dattijo Yila ne da kansa ya iso baya, tiren gilashi a hannun dama, kofin silba a hagu. Ya tsaya a gabansu. Hilda ta miƙa hannu wajen kofi mai jan zare.

"Baba, in wannan ne na bencinmu, ba ni."

Dattijo ya dubi kofin. Ba zai iya ba 'yarsa wannan kofi ba, ba kuma zai iya tsallake ta a teburin Ubangiji ba. Ya dubi tsohuwar da ya ƙi jininta, ya ga tana ƙoƙarin matsawa gefe don kada zanenta ya taɓa na 'yarsa. Nan kunya ta rufe shi. Ya ajiye kofin silba a ƙasa, ya miƙa wa Kande tiren. Ta kai hannu, amma gilashin ƙarami ne, babu yatsun da za su ɗauke shi. Ta gwada sau biyu ta janye tana ba da haƙuri. Dattijo ya ɗauki gilashi ɗaya da hannunsa, ya rusuna cikin farar rigarsa, ya kai mata baki.

Ba zan ce muku a ranar ya zama waliyyi ba, saboda 'yarsa ne ya fara yin hakan. Amma Allah kan kama mutum ta inda ya samu mariƙi. Bayan kaka aka ɗaura auren, Kande na zaune a bencin gaba tare da Mama Tabita, wadda ta ɗan takure da farko, daga baya ta manta ta riƙa gyara mata ɗankwali.

Don haka, 'yan'uwana matasa, mahaƙurci mawadaci ne, amma haƙurin da aka ɗora a kan gaskiya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle uwar da ta haife ka. Wanda kuma Allah ya kira ya tsaya wa na baya, to ya fara waiwayawa ya ga wa ya bari a bakin ƙofa.

Elias ya yi shekara talatin yana fasto, kuma duk ranar Jibi daga bencin ƙarshe yake fara rabawa. Jama'a sun ɗauka tawali'u ne. Hilda kaɗai ta san cewa a cikin Littafinsa akwai ɗan jan zaren nan na kofin silba, kuma har ya tsufa, in wata tsohuwa ta karɓa ta ce, "Na gode, Malam," sai ya kau da kai ya share ido.