Ƙafafun Aro

A cocinmu magana ɗaya ake yi: wai Cleon Batiste abin tausayi ne, boka ne ya rufe shi. Wai ya je neman sa'a kamar kowa, aka ɗaura masa bala'i bai sani ba. Har da masu kai masa abinci ranar Lahadi. Ni kuwa lissafi na koyar har kaina ya yi fari, kuma Cleon ya zauna a ajina. Yaron da ba ya sayen alewa sai ya tambayi kuɗinta sau biyu, shi ne zai karɓi kaya a hannun boka bai tambayi farashi ba? Uwarsa Verna ƙawata ce tun muna 'yan mata, kuma ni na riƙe 'yarsa Nyla ranar baftisma. Na ce sai na ji da kunnena.

Na fara da shagon askin Alcide, domin can abin ya samo asali. Mazan unguwa suna da wata gasa a waya. Kafin kakar ƙwallon zari-ruga ta fara, kowa zai zaɓi 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi ya ce nasa ne, abin da suka yi a fili ranar Lahadi shi ne makinsa. Magidanta da furfura, suna taƙama da gudun da wani ya yi musu.

Zaɓin farko na Cleon shi ne Rashaun Pettibone, wanda ke rungume ƙwallo a ƙirji ya ratsa ƙatti kamar bijimi. Amma a shekarar nan ƙafarsa ta mutu. Da ya taka biyu sai a kayar da shi.

"Kin san dokarmu, Malama," in ji Alcide. "Wanda ya zo na ƙarshe sai ya sa rigar alade ya tsaya bakin titi. Bara Cleon ne ya sa, bana ma can ya nufa. Da ya shigo sai mu ce, Cleon, jakin naka ya tashi kuwa, ko mu yi masa karo-karon sanda? Ba ya dariya. Ashe har albashinsa yana zubawa a caca a kan mutumin."

"Wa ya nuna masa hanyar bokan nan, Dokta Guidry?"

Alcide ya dubi almakashinsa. "Hanyar da kowa ya sani ai ba ta bukatar ɗan jagora."

Da tsakar rana na je gidan, can bakin fadama inda kwalta ta ƙare. Garin jan bulo ne aka zuba a bakin ƙofa. Ciki duhu, wari kamar na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Baƙaƙen kyandirori sun narke a kan tebur har sun zama tudu. Ga kwalabe a jere, kowace da ƙasa a ciki da tsatsattsiyar ƙusa, an naɗe bakinta da jan zare. Daga rufi kuwa takalma ne ke lilo, duk na ƙafar hagu, har da na jarirai. A kusurwa talabijin na nuna wasa, ba sauti.

Dokta Guidry tsoho ne siriri, ya sa kwat da wannan zafi. Ya ce, "Malama Odile. Ke da ba ki yarda da mu ba."

"Har yanzu ban yarda ba. Me ka yi wa gidan Verna?"

"Abin da aka saya na sayar. Zauna in faɗa miki yadda muka yi, ba na son a ce mini macuci."

Ga cinikin kamar yadda ya ba ni. Cleon ya ajiye hoton Pettibone a kan tebur ya ce yana so mutumin ya sake gudu.

"Ƙafa ba a ƙera ta, ɗana," in ji Dokta. "Aro ake yi."

"Daga ina?"

"Daga gidanka. Ka share barandarka da safe bayan an taka, ka kawo mini ƙurar. Duk yadin da mutuminka ya ci da gudu a fili, mai sawun ne zai biya."

"Biya kamar yaya? Ciwon ƙafa?"

"Da farko."

"Daga baya fa?"

"Ka taɓa ganin an ɗebi ruwa a randa kullum ba a ƙara ba?"

Dokta ya ce wa Cleon in yana so ya kawo sawunsa shi kaɗai, aikin zai ci, sai dai ba zai daɗe ba. Cleon ya ce shi direba ne, da me zai taka mota? Sai Dokta ya gaya masa maganin abin: ranar da ya cire Pettibone daga cikin 'yan wasansa, aiki ya tsaya nan take. Danna waya ne da ɗan yatsa, shi ke nan.

Kashegari Cleon ya dawo da ƙura a takarda. Dokta ya zuba ta a kwalba, ya soka ƙusa, ya ɗiga kakin kyandir, ya duba ya ce bai ga sawun namiji a ciki ba. Cleon ya ce ta ƙofar baya ya fita.

Sauran labarin a gabana aka yi shi. Lahadin nan Pettibone ya tashi kamar an sake haihuwarsa, ba mai iya riƙe shi. Masu sharhi a talabijin suka ce sabon mai horarwa ne, ko abinci ya canja. Cleon ya ci gasar shago, ya ci cacar waya mako bayan mako. Ya ajiye aiki. Sabuwar mota, sarƙar zinariya, ya dafa ƙaguwa da masara ya ciyar da layinmu kaf, fasto ma ya zo ya sa albarka.

Verna ce ta fara. Ta ce mini ƙafafunta sun yi sanyi kamar ba nata ba. Sanyin ya hau gwiwa, ya hau ƙugu, kafin ƙarshen Oktoba mun binne ta. Delphine, matar Cleon, nata ya zo a juye: ƙafafunta suka ƙi tsayawa. Ta yi ta zaga gida, sannan ta kama babban titi ba takalmi, tafin ƙafarta na jini, tana cewa wani ne ke gudu a cikinta. Tana asibitin masu taɓin hankali yanzu. Ko an kwantar da ita ƙafafun na motsi.

Sai Nyla. Yarinyar da ta fi kowa gudu a makarantarsu, har wata jami'a ta aiko a duba ta. Ta faɗi a wurin atisaye ba wanda ya taɓa ta. Likitoci sun yi gwaji iri-iri, ba su samo wa ciwon suna ba.

Na koma wurin Alcide na tambaye shi ko Cleon ya taɓa neman rabuwa da ɗan wasan.

"Rabuwa? Malama, ana kwana uku da kai Nyla asibiti na ce ya ba ni Pettibone in ba shi gwanayena biyu. Ya ce mini, Alcide, ba a sayar da doki yana cikin gudu."

A wasan ƙarshe Cleon ya zuba duk abin da ya mallaka. Taku na farko gwiwar Pettibone ta karye. Dokta ya ce babu sauran abin aro a gidan. Mota ta tafi, gida ya bi ta, asibiti ya cinye ragowar.

Ni ban ce ƙura ce ta kashe Verna ba. Ban sani ba, kuma ba na faɗin abin da ban sani ba. Amma ku masu kwana kuna shafa waya kuna jiran gudun wani ya yi muku arziki, ku sani kwaɗayi ba ya makantar da mutum. Ido biyu yake barinsa, yana kallo, yana ƙari. In kun ga dukiya ta shigo da gudu, ku duba wa ya gurgunce a gidan.

Na same shi a ɗakin ajiya da ke bayan shagon Alcide, inda yake kwana yanzu. Ya miƙe tsaye da ƙafafunsa lafiyayyu ya ba ni kujera. Ban zauna ba.

"Cleon, ka yarda kwalbar nan ce ke cin su?"

"Na yarda, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun Mama."

"To me ya hana ka danna wayar?"

"Saura wasa biyu ne, Malama. Na ce yarinya ce, za ta jure."

Nyla tana gidana yanzu, a keken guragu, ni ke juya ta in bayanta ya gaji. Ba wanda ya rufe Cleon Batiste. An faɗa masa farashi tun ranar farko, an faɗa masa yadda zai tsayar da abin, shi ya share barandar da hannunsa, kuma ta ƙofar baya ya fita.