Allurar da ta Daskare

Tun da Safiyanu ya dawo Kara-Kara daga Tamanrasset, can cikin hamada, bayan shekarun leburanci, rigimar gidansu ɗaya ce: Zuliha, wadda yake son aura. Ciwon ƙashi ne da ita na gado. Jikinta ba ya samar da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ko tuntuɓe ta yi sai an kira maɗori. Allurar da wani dokotoro yake aiko mata daga Yamai ce ke cike gurbin sinadarin, ita ce ma ta raba ta da sanda.

Mahaifiyarsa, Inna Balki, ta rantse ba za a haifa mata jikoki masu ƙashin kara ba. Ya yi lallashi har bakinsa ya gaji, ya fara tunanin komawa hamada.

Sai ga bazara, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana da kwanaki, allurar kuwa ba ta jure zafi. Duk unguwar Inna kaɗai ke da firigo mai aiki da hasken rana, na ƙanƙarar da take sayarwa. Da ƙyar ta karɓi ajiyar kwalin allurar, fuska a murtuke. Amma ita ba ta wasa da amana: ta ɗaga ledojin ƙanƙara, ta tura shi can ƙasa inda ya fi sanyi.

Washegari aka ciro kwalaben kamar dutse. Dokotoro ya ce a waya, wannan magani sanyi yake so, ba daskarewa ba. A zubar, a jira wani.

Zuliha ta koma kwance, ciwo ya dawo sabo. Danginta suka ce da gangan ne. Safiyanu ma ya daina cin tuwon gida.

Ran da Inna ta je dubiya, ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa ɗaga ido.

"Shigo mana, Inna," in ji Zuliha. "Mai ƙina a taga zai ajiye allurar, rana ta dafa. Ke kuwa sanyi kika nema mini, har ya yi yawa."

Inna ta zube gefen katifa, hawaye na zuba. "Ni kam na gaji da faɗa da ke, 'yar nan. Miƙo ƙafar in shafa miki mai."

Kafin sabon magani ya iso, ita da kanta ta tashi kawun Safiyanu da goron tambaya.

Wanda ya danne zafinsa ya kyautata zato, yakan buɗe ƙofar da roƙo ya kasa buɗewa.