Katin Hotunan Umma

Ranar da Auta ta fara shiga shagon gyaran kyamarar, Mai Gyara yana sunkuye kan tebur da ɗan burushi a hannu, yana share cikin wata kyamara a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Sai da ta yi sallama sau biyu kafin ya ɗago. Da ya ɗago kuma sai ya manta da burushin.

Ta ajiye kyamararta a kan teburin. Irin ƙananan nan ce marasa madubi a ciki, da kaɗan ta fi tafin hannu. Yayanta ne ya aiko mata.

"Lens nake so," ta ce, tana nuna gilashin gaban kyamarar. "Dogo, mai zum sosai. Wanda zan tsaya daga bakin ƙofa in jawo fuskar mutum."

"Tsuntsu za ki ɗauka ko ɓarawo?"

Ba ta yi dariya ba.

"Ummata ce. Ba ta da lafiya."

Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jawo mata kujera, ya tambaye ta yadda ɗakin yake. Ta ce taga ɗaya ce, ita ma labule a sake, don haske yana damun idon Umma. Ta ce asibiti sun sallame su, sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Duk gidansu kuma babu hoton Umma na kirki, sai na katin shaida da wani na taro wanda ɗankwalin wata mata ya rufe rabin fuskarta.

Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan guntun lens.

"Dogon nan da kike so mayen haske ne. A ɗaki mai duhu ba abin da zai ba ki sai dishi-dishi. Wannan milimita talatin da biyar ne, yana buɗe ido sosai, ɗan hasken da ya ratso labule ya ishe shi. Aibinsa ɗaya, ba ya zum. In kina son fuska, sai kin zauna a bakin gado."

"Abin da ba na iyawa ke nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ina kai mata magani, ina gyara shimfiɗa, amma da na zauna na kalle ta sai kuka. Ka dai ba ni dogon."

"Ba zan ba ki ba."

"Ikon Allah! Shago ka buɗe ko makaranta?"

"Shago ne. Amma ba na sayar wa mutum abin da zai dawo yana tsine min."

Ya ɗaura mata guntun, ya kashe ƙarar ɗauka don kada Umma ta riƙa firgita, ya ce filasha kam ta manta da ita. Ya haɗa mata katin memori na ajiye hotuna irin wanda shi ma yake aiki da shi, da batir na biyu, da igiyar ɗaurawa a hannu. Da ta nuna wata ƙatuwar jaka ya ce ta bar ta, kyamarar za ta shiga jakarta ta hannu. Bai nemi lambarta ba. Tasa ya rubuta a bayan rasit, wai ko da wani abu zai ɗaure mata kai. Mun san irin wannan ko da.

Kwana uku bayan nan saƙo ya shigo.

"Malam mai taurin kai, na zauna. Na yi kukan, ita ma ta yi, daga baya ta ce in daina jiƙa mata bargo. Na ɗauki goma sha ɗaya."

Ya karanta ya fi sau biyar kafin ya amsa.

"Sannu da ƙoƙari. Gobe ki ɗan ɗage labulen ta gefen ƙafarta, hasken zai zo a kwance. Kuma ki ci abinci, muryar saƙon nan ta mai yunwa ce."

Daga nan fa aka buɗe hanya. In ta taso daga kantin maganin da take aiki sai ta biyo, yau murfin lens ya ɓata, gobe batir yana saurin ƙarewa, alhali lafiyarsa ƙalau. Ita tana ce masa Taurin Kai, shi yana ce mata Haskena. Tana ba shi labarin abin da take ji a bakin gadon nan: yadda Umma ta koyi ɗinki a ɓoye, da yadda Abba ya taɓa yin sati yana wucewa ta ƙofar gidansu kafin ya iya yin sallama. Shekara ashirin da biyar tana gida ɗaya da matar nan, sai yanzu take saninta.

"Kin kwafe hotunan a kwamfuta?" ya tambaye ta wata rana.

"Ban ma kalle su ba. Ba zan iya ba tukuna. Suna nan a ciki."

"Haskena, ki kwafe."

"Zan kwafe."

Da maganar aure ta isa kunnen Abba, tsohon shugaban makaranta mai son komai a kan layi, sai ya cire tabarau ya goge.

"Mai kwance ƙananan sukurori a shagon da bai fi akwati ba? Ga ɗan abokina mai situdiyon hoto har uku, ya yi magana tun bara kin yi kunnen ƙashi."

Shi Mai Situdiyon ba mugu ba ne, son a gan shi ne dai ya yi masa yawa. Ya zo gidan da fitilu biyu da lema da kyamarar da ta kai girman kan yaro, wai zai yi wa Umma hoton da za a rataye. Yana kunna fitila ɗaya Umma ta rufe fuska da hannu ta juya wa bango. Ya tattara kayansa ya fita, bai ɗauki ko ɗaya ba. Abba dai bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Ana haka Auta ta lura da wani ɗigo baƙi a allon kyamara. Mai Gyara ya ce ƙura ce ta hau sensa, ɗan farantin ciki da ke kama hoto, ta bar masa zuwa la'asar.

Yana da yadda yake aikinsa, shekara takwas bai taɓa saɓawa ba. In ya share sensa, sai ya sa katinsa na gwaji, ya goge shi tas, ya ɗauki farin bango sau da yawa, don a farin bango ne ƙura take tona kanta. Rannan mutane sun cika shagon. Ya buɗe gefen kyamarar ya ga kati iri ɗaya da nasa, ya ɗauka ya riga ya sa. Yatsansa ya yi abin da ya saba. Ya yi ta ɗaukar bango, yana sake sharewa yana sake ɗauka.

Sai da ya sa hannu a aljihun riga zai ɗauko biro ya ji nasa katin a ciki.

Wata biyu na fuskar Umma, hoto ɗari uku da wani abu, duk ya goge. Lokacin da take iya zama, take iya dariya.

Bai jira ta zo ba, ya rufe shago ya same ta a kantin magani. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa mata yadda aka yi. Ta dafa kanta ta daɗe tana kallonsa.

"Ka ce min wasa kake yi."

"Da ma wasan ne."

"Kai ka hana ni dogon lens. Kai ka sa na zauna na saba da ita, na ji daɗinta. Yanzu ka goge min ita tun tana da rai?"

Ta karɓi kyamararta, ya ce ta bar masa katin ya gwada, ta jefa masa a kan teburin kantin ba tare da ta dube shi ba.

Kwana shida yana fama. Ya gwada duk manhajar da ya sani, ya kai wa wanda ya koya masa aiki. Hotunan bangon sun hau kan na Umma sun danne su. Abin da ya dawo guda huɗu ne, su ma a yage: goshi da ido ɗaya, sauran duk toka-toka. Ya tura saƙo.

"Haskena, na kasa. Ba zan ce ki yafe ba, don ni ma ban yafe wa kaina ba. Ki dai ci gaba da zama kusa da ita, ko babu kyamara."

Ta karanta ba ta amsa ba. Mai Situdiyo ya ji labari ya ce a wajensa ko ɗan koyo ba zai yi wannan ganganci ba. Abba ya ce, "Ai na faɗa." Ita kuwa Auta abin da ya fi ci mata rai ba ta gaya wa kowa ba: sau uku yana ce mata ta kwafe.

Jikin Umma ya ƙara yin ƙasa a makon. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Amma idonta bai daina gani ba.

"Auta, ina abin ɗaukar naki? Kwana biyu ba kya damuna."

Auta ta kifa kai a kan bargo ta faɗa mata komai, tana shessheƙa. Umma ta bari sai da ta gama.

"Shi ya zo ya gaya miki da bakinsa?"

"Eh."

"Bai ce katin ne ya lalace ba? Ai da ya ce haka ba za ki sani ba."

Umma ta ci gaba.

"To, hotunan nan ɗari uku, a guda nawa kike ciki?"

"Ni ce mai ɗauka, Umma."

"Ka ji. Wato ni kaɗai kwance kamar kayan wanki. Me zan yi da su? Kira min yaron nan."

Da safe ya zo, idonsa ya faɗa, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Umma, na yi muku laifin da ba ya gyaruwa."

"Kai da ake ce wa Mai Gyara? Tashi, ɗana. Ka goge ni, sai ka sake ɗauka. Wannan karon da 'yata."

Ya kafa kyamarar a kan 'yar madogara mai ƙafa uku. Ya ɗage labule kaɗan ta gefen ƙafar gado. Auta ta hau ta jingina Umma a ƙirjinta, ta gyara mata ɗankwali. Abba yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Tun da ciwon ya yi tsanani nan ne iyakarsa, daga nan yake tambayar an sha magani, daga nan yake juyawa.

Mai Gyara ya leƙa allon.

"Abba, ku yi haƙuri. Lens ɗin nan ba ya kaiwa inda kuke."

Abba ya buɗe baki zai yi faɗa. Umma ta ɗan buga katifa da tafin hannu, gefenta na dama. Abba ya fasa faɗan. Sannan ya cire takalmi ya shigo ya zauna, ya ɗauki hannun nan da ya rame ya riƙe. Ya dube ta sosai, karo na farko cikin watanni, sai ga tsohon shugaban makaranta yana kuka kamar ɗan aji ɗaya.

"Kai ma za ka jiƙa min bargon?" Umma ta ce.

Duka ukun suka yi dariya da hawaye a fuska, a daidai nan ya danna. Kafin ya bar gidan sai da ya kwafe hoton a wuri uku, Auta tana tsaye a kansa.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Taurin Kai, har yanzu zuciyata tana min ciwo kan waɗancan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na kalli na yau. Shi ne na farko da na iya kallo. Abba ya ce ka turo manyanka."

Ba a ja lokaci ba, kowa ya san dalili. Bayan kwana goma sha biyu aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro, sai 'yan uwa na jiki. Da aka dawo, ango da amarya suka shiga ɗakin Umma suka durƙusa a gaban gado. Kwana biyar ne suka rage mata a duniya, magana ma sai an kai kunne.

Ta shafa kan Auta ta daɗe tana shafawa. Sannan ta yafito ango da yatsa, ya matso.

"Waccan ɓarnar na yafe maka duniya da lahira," ta ce. "Amma wannan da na ba ka guda ɗaya ce. Ba ni da kwafinta a ko'ina."

"Zan riƙe ta, Umma. Wallahi zan riƙe ta."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu zama kusa da ku ranar da kuka kwanta."

"Amin," Abba ya ce daga gefen gadon, hannunta yana cikin nasa.